Ogan mai bututu a fili da kiɗan gwaji: tambayoyin da ake yi mini a Yamai

Aikina haɗa sauti ne. Ni ne mai jan wayoyi da daidaita lasifika a wurin biki da taro, kuma na daɗe a cikin sana'ar. Wani dare a fadarmu ta shayi na jona babbar lasifikata, na sa wa abokai sautin wani ogan da ake kaɗawa a fili. Muryar farko da ta fito, ƙananan kofunan shayi suka kama rawa a kan faranti, wani ya leƙa ƙofa yana zaton babbar mota ce ta tsaya. Tun daga ranar tambayoyi ba su yanke ba, a fada, a kasuwa, har a waya. Ga waɗanda suka fi yawa, da abin da nake amsawa.

Wai mene ne ogan mai bututu?

Ka ɗauki sarewa. Maimakon ka huda mata ramuka ka riƙa toshewa da yatsu, sai ka yanka sarewa dabam ga kowace murya: doguwa ga murya mai kauri, gajeriya ga siririya. Ka jera su a kan akwati mai cike da iska, kowace da ƴar ƙofarta a ƙasa. Ka danna maɓalli, ƙofar ta buɗe, iska ta shiga, bututun ya yi magana. Muddin yatsanka na kan maɓallin kuma iska ba ta ƙare ba, ba zai yi shiru ba. Ogan ke nan. Waɗanda suka yi lakwal a nan sun fi saninsa da sunan da Faransawa ke kiransa, org.

Bututun iri biyu ne. Akwai masu baki irin na usur, inda iska ke bugun leɓe mai kaifi ta tsage. Akwai masu harshen ƙarfe a ciki da ke kaɗawa, kamar yadda belin algaita ke yi a bakin mai busa. Ana yin su da gamin kuza da darma, ko tutiya, ko katako. Kowane jerin bututu yana da irin muryarsa, kuma yana da mariƙi a gefen makaɗi: ya ja, jerin ya samu iska, ya tura, jerin ya yi shiru. Makaɗin yana aiki da hannu biyu a kan jerin maɓallai hawa-hawa, ƙafafunsa kuma suna taka wasu manyan maɓallai na katako, su ne masu muryoyin ƙasa. A da mutane ke zuga masa iska kamar yaran maƙera. Yanzu injin lantarki ke yi.

Ba irin na Mamman Sani ba ne?

Suna ɗaya, jiki dabam. Wanda Mamman Sani Abdoulaye ya yi suna da shi, wanda ya naɗi kiɗansa a 1978 kuma ƴan Nijar suka saba ji a gidan radiyo da telebijin tsakanin shiri da shiri, ogan ne na lantarki ƙirar Italiya. Babu bututu ko ɗaya a cikinsa. Wuta ke haifar da sautin, lasifika ta fitar. Na bututu ba ya buƙatar lasifika. Iskar da ke cikin bututun ita ce ke girgiza, ita ce kuma ke zuwa kunnenka kai tsaye. Amma ina yawan kawo sunan Mamman Sani idan wani ya ce mini irin wannan abu ba namu ba ne. Mutum guda ya zauna da inji baƙo a garin nan, ya sa shi ya yi waƙoƙin ƙasarmu, kuma da aka sake fitar da kiɗan a 2013 duniya ta karɓa hannu biyu.

A ina ake da manyansu a waje?

Biyu ne suka yi fice. Na farko yana birnin San Diyego a jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin lambun Balboa. Wasu ƴan'uwa biyu attajiran sukari, John da Adolph Spreckels, suka ba garin kyautarsa, aka buɗe shi ranar 31 ga Disamba 1914. Kamfanin Austin ya ƙera shi. Yau bututunsa sun haura 5,000, daga mai tsawon fensir har mai kusan mita 10. Yana cikin wata rumfa mai babbar ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa idan za a yi wasa, jama'a kuma suna zaune a sarari, sama ce rufinsu. Duk ranar Lahadi da ƙarfe 2 na rana ana kaɗa shi kyauta, kuma gari ne ke da makaɗinsa.

Na biyu yana garin Kufstein a Ostiriya, cikin hasumiyar wata ganuwa a kan dutse. An gina shi a 1931 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, kuma bayan ƙarin da aka yi masa a 2009 bututunsa sun kai 4,948. Kullum da tsakar rana ake kaɗa shi, kwarin gaba ɗaya ya ɗauka. Makaɗin yana zaune can gindin dutsen, nesa da bututun, saboda haka yakan danna maɓalli sautin ya ɗan makara kafin ya iso masa.

Akwai kuma waɗanda ba su da makaɗi sam. A garin Zadar na Kuroshiya, wani magini mai suna Nikola Bašić ya binne bututu 35 a ƙarƙashin matakalar bakin teku a 2005. Igiyar ruwa ke tura iska, ita ke kaɗawa dare da rana. A kan wani tudu kusa da Burnley a Ingila an kafa tarin bututun ƙarfe mai siffar itace a 2006, wannan kuma iska ce makaɗiyarsa.

Me ke canzawa idan an fito da shi fili?

Kusan komai. Masu ƙera ogan sukan ce ɗakin da yake ciki shi ne rabin muryarsa. A babban gini na dutse, idan makaɗi ya ɗaga hannu, sautin yakan ci gaba da yawo tsakanin bango da rufi na sakan da yawa, yana rufe kurakurai, yana haɗe muryoyi kamar yadda miya ke haɗe tuwo. A fili babu wannan gata. Ka saki maɓalli, sauti ya tafi ke nan. Sai ka ji abubuwan da gini ke ɓoyewa: ɗan tarin da bututu ke yi kafin ya kama murya, hucin iska a leɓensa, ƙwas-ƙwas ɗin ƙofofi a cikin akwati.

Wannan na san shi daga aikina. Lasifikar da ke cika zauren Palais des Congrès, ka kai ta filin kokowa sai ta zama kamar kukan sauro. A sarari, duk lokacin da ka ninka nisanka da tushen sauti, ƙarfinsa na raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Siraran muryoyi ne ke fara mutuwa a hanya, masu kauri su yi ta tafiya. Shi ya sa idan ana biki a wata unguwa, dukan ganga kake ji, ba muryar zabiya ba. Iska kuma tana lanƙwasa sauti: wanda take kaɗawa wajensa ya ji rangaɗau, wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji kamar an rufe da bargo. Da dare, idan ƙasa ta huce iskar sama ta fi ɗumi, sauti yakan sunkuyo ƙasa ya yi nisa. Duk wanda ya taɓa zama bakin kogi da asuba ya ji kiran salla na Harobanda yana tsallako ruwa tamkar daga bayan gida, ya san abin da nake faɗi.

Sannan fili yana da nasa baki. A San Diyego jiragen sama masu sauka suna ratsawa kusa da lambun. Makaɗin gargajiya yakan ji haushin haka. Mai kiɗan gwaji kuwa yakan bar wa jirgin gurbi a cikin kiɗan.

To mene ne kiɗan gwaji?

Kiɗan da makaɗi ke farawa da tambaya, ba da waƙar da ya riga ya sani ba. Idan na danne maɓallai 30 a lokaci ɗaya fa? Idan na rage wa bututu iska har ya kasa kama muryarsa? Idan na riƙe murya ɗaya minti 20, me kunne zai fara ji a cikinta? Yana gwadawa, yana saurare, abin da ya fito shi zai bi. Wani lokaci ya rubuta, wani lokaci a nan take yake ƙirƙira. Ba ya neman amshi, ba ya neman a taka rawa. Sautin kansa yake bincike, kamar yadda marini ke tsoma zane ya ga iyakar abin da baba za ta iya.

Waɗanne dabaru suke yi da shi?

Nan ne abin ke da daɗi, bari in ɗan daɗe.

Ta farko ita ce dunƙulen muryoyi. Maimakon yatsu uku ko huɗu, sai makaɗi ya kwantar da tafin hannu ko damtse gaba ɗaya a kan maɓallai. György Ligeti, ɗan asalin Hangari, ya rubuta wani aiki mai suna Volumina a 1961 zuwa 1962 wanda kusan dukansa haka yake. Takardar ma ba ta da alamomin kiɗa da aka saba, sai baƙaƙen zane masu faɗi da siranta. Da aka zo gwada shi a wani ogan a birnin Gotenbag na Suwidin, wayoyin lantarkin ogan ɗin suka kasa ɗaukar nauyin, suka ƙone. Abin da kunne ke ji a dunƙulen nan ba waƙa ba ce, wani bango ne na sauti mai motsi a ciki, kamar hadarin gabas lokacin da ya taso da jan ƙura.

Ta biyu wasa da numfashin injin. A danne maɓallai, sannan a kashe injin hura iska. Rumbun da ke tara wa bututu iska ya fara saɓewa, muryoyi su riƙa zamewa ƙasa, kowane bututu da lokacin mutuwarsa: manya masu cin iska su fara faɗuwa, ƙanana su tsaya suna kuka siriri kamar ƴan tsaki, har a kai ga huci kawai. Ni dai ban taɓa jin wannan ba tare da tsikar jikina ta tashi ba. A ogan ɗin da mariƙansa ke haɗe da akwati ta sanduna, akan ja mariƙi rabi kawai, bututu ya samu iskar da ba ta ishe shi ba, ya riƙa fitar da wasu muryoyi na sama da ba a ƙera shi don su ba. Wanda ke aiki da lantarki, irin na San Diyego, ba ya yarda da rabi: ko a buɗe ko a rufe. Kowane inji da irin ƙofar da yake bari a shiga.

Ta uku ita ce bugun da ke tsakanin murya biyu. Ka samu bututu biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, ɗaya yana girgiza sau 170 a sakan, ɗaya sau 173. Kunne ba zai ji murya biyu ba. Zai ji ɗaya tana kumbura tana saɓewa sau 3 a sakan, wuu-wuu-wuu. Ka ƙara na uku da na huɗu, sai kiɗa ya fito wanda babu hannun da ke buga shi. A fili kuwa, idan ka yi taku biyar gefe, bugun ya canza, domin nisanka da kowane bututu ya canza. Mai sauraro da ƙafarsa yake gyara kiɗan.

Ta huɗu tsawaitawa. Tunda ogan ba ya gajiya, akan ɗora wa maɓalli nauyi ko a cusa masa ɗan itace ya zauna a danne. Wanda ya fi kowa nisa a wannan hanya shi ne wasan da ake yi a garin Halberstadt na Jamus da wani aikin John Cage na Amurka, wanda ya ce a kaɗa shi a hankali iyakar iyawa. An fara ranar 5 ga Satumba 2001, za a ƙare a 2640, shekara 639 ke nan. Watanni 17 na farko shiru ne, sai hucin iska. Buhunan yashi ke riƙe da muryoyin, kuma ranar da za a canza murya mutane sukan yi tafiya su je su gani.

Yanzu kuma akwai masu jona ogan da kwamfuta, ta riƙa buɗe ƙofofin da saurin da yatsa ba zai iya ba, ko ta buɗe su ɗan kaɗan ta rufe kafin bututu ya gama tari. Zauren Orgelpark a Amsterdam ya yi suna a wannan fanni.

Gaskiya, wannan ba hayaniya ba ce kawai?

Wani ƙanena ne ya yi mini wannan tambaya, ya ce, “Yaya, don Allah ina waƙar take?” Ban ga laifinsa ba. Akwai kiɗan gwaji marar daɗi, kamar yadda ake da goge marar daɗi; ba duk wanda ya kwanta a kan maɓallai ne ya san abin da yake yi ba. Amma na tambaye shi: kakaki murya nawa gare shi? Biyu, in ya yi yawa uku. Ba ya rera komai. Duk da haka ranar hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, idan aka ɗaga dogayen ƙarafan nan aka busa, ba wanda ke tambayar ina waƙar take. Gaba ke faɗuwa, doki ya ɗaga kunne. Mai algaita kuma yakan kumbura kumatu ya riƙa shaƙar iska ta hanci yana busawa ta baki, murya ba ta yankewa, ga wani a gefensa riƙe da amo ɗaya tal. Kayan busarmu na sarauta duk na fili ne, an yi su don su ratsa taro da ƙura. Kunnen da ya tashi da wannan ya riga ya san darajar murya guda mai tsawo. Abin da ya rage masa haƙurin minti goma na farko.

Ba kayan coci ba ne?

Coci ta riƙe shi fiye da shekara dubu, kuma a can ya girma, wannan gaskiya ne. Amma ba a can aka haife shi ba. Wani injiniya mai suna Ktesibiyos ya ƙirƙiro shi a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, yana amfani da nauyin ruwa don daidaita iska. Rumawa a filin wasa suke kaɗa shi, a sarari, gaban dubban mutane. A shekara ta 757 sarkin Rumawan gabas ya aika wa Pepin sarkin Faranka da guda a matsayin kyautar sarauta. A Bagadaza kuma, a ƙarni na 9, ƴan'uwan nan uku masana da ake kira Banu Musa sun bayyana injin busa mai aiki da ruwa wanda ke kaɗa kansa. Fitowa da shi fili mayar da shi gidansa na farko ne. Maganar hukuncin kiɗa a addini kuwa ta malamai ce, kowa ya tambayi malaminsa. Ni tarihin injin kawai na kawo.

Da gaske akwai muryar da kunne ba ya ji?

Akwai. Kunnen mutum yana fara ji daga girgiza kamar 20 a sakan. Bututu buɗaɗɗe mai tsawon mita 2.4 yana ba da kamar 64. Ka ninka tsawon ya koma 32. Mai kusan mita 10 ya sauko 16. Wannan ba a jin sa a matsayin murya. A ƙirji ake jin sa, da tafin ƙafa, da rigar da ke jikinka. Lasifikar waya ba ta san da zamansa ba.

Masu ƙira suna da wayo biyu na rage tsawo. In ka toshe kan bututu, yana ba da muryar wanda ya ninka shi tsawo. In kuma ka busa mai 32 tare da mai 48, kunne da kansa yakan ƙago bambancinsu, 16, alhali babu bututun da ke yin ta.

Zai jure zafin Yamai da hazo?

Da wuya, in an kawo shi yadda ake yin sa a Turai. Cikin akwatin iska akwai fata mai laushi da ke rufe ƙofofi. Hunturu zai busar da ita ta tsage. Katako zai ja da rani, ya kumbura da damina, iska ta riƙa zurarewa. Ƙura ƙwaya ɗaya in ta maƙale a harshen ƙarfe, bututun ya yi shiru. Ga gara, ga ƙadangare, ga zanzaro da ba ya ganin rami ya bar shi ba ginin laka.

Sai babbar magana, zafi. Sauti yana gudun kamar mita 343 a sakan idan ma'aunin zafi na 20, amma a 40 ya kai 355. Tunda iskar cikin bututu ce ke girgiza, murya na hawa da zafi. Bututun da aka daidaita a girgiza 440 a sakan da sanyin safiyar Janairu, da azahar ɗin Afrilu zai kai wajen 455. Masu harshen ƙarfe kuwa ba sa hawa sosai, sai iyalan biyu su rabu. Ga mai son kaɗa waƙar da aka rubuta, wannan masifa ce. Ga mai kiɗan gwaji, ni a ganina arziki ne da ƙasashen sanyi ba su da irinsa. Ka ɗora nauyi a kan maɓalli biyu bayan sallar asuba, ɗaya na baki ɗaya na harshe, su fara a haɗe. Rana na ɗagawa suna rabuwa, bugun tsakaninsu yana ƙara sauri, da la'asar sakaliya ya fara lafawa. Ranar ce da kanta take kiɗan. A Tawa, inda iskar hunturu ke kwana tana kaɗawa, irin na Burnley ma zai samu abin faɗi ba tare da ko wayar lantarki ɗaya ba.

Za a iya ƙera shi a nan?

Mai bututu 5,000 a'a, ba yanzu ba. Ƙarami kuwa na gwada. Na sayo tiyon roba na masu aikin famfo a Katako, na yanka guda 12, na fafe wa kowane baki, na toshe gindin da katako na bar siririyar hanya. Bakwai suka yi magana, biyar suka ƙi. Wahalar duk a bakin take: tsayinsa, kaifin leɓen, da inda iska ke bugunsa. Kaurin farce ya isa ya raba mai murya da bebe.

Iska ce ta fi ba ni wuya. Na fara da injin hura wuta na lantarki, sai ƙararsa ta danne bututun, ga shi ana cikin gwaji wuta ta ɗauke. Na kwashi kayan na kai wa wani tsohon maƙeri da ke yi mini ƙafafun lasifika. Ya juya tiyon, ya leƙa cikinsa, ya busa da baki. Ya ce, “Ɗana, wannan ai sarewa ce ka hana ta ramuka.” Na ce, “Haka ne, Baba. Numfashi nake nema mata wanda ba ya yankewa.” Bai ce komai ba, ya jawo zugazuginsa na fatar akuya, ya cire bakin daga murhu, muka ɗaura shi da tsumma a jikin akwatina. Ya fara zugawa, dama, hagu, dama, hagu. Bututun mita ɗaya ya kama murya, amma tana rawa da kowane bugun hannunsa. Ya tsaya, ya ce, “Ka sa mata salka a tsakani, ka ɗora dutse a kai. Ni in cika salka, dutse ya riƙa ba ta.” Abin da ya faɗa shi ne ainihin rumbun iskar da masu ƙera ogan ke sawa, kuma bai taɓa ganin ogan ba. Muka yi da tsohon tib ɗin mota da bulo biyu. Murya ta miƙe sak. Na ƙara na biyu wanda na rage wa santimita 2, bugun nan ya fito, wuu-wuu-wuu, yaran maƙerar suka ajiye guduma suka zo suka tsaya.

Masu hannu muna da su: maƙera, dukawa masu sanin fata, kafintoci, masu walda, da masu gyaran kayan kiɗa irin waɗanda ke hulɗa da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya. Abin da nake fata shi ne mai bututu 40 ko 50, a kan amalanke, da zugazugi na hannu, a tura shi bakin kogi da yamma.

Maƙwabta fa? Kuma ba ya ɓata kunne?

Yana iya ɓatawa. Sautin da ya wuce desibel 85, in aka daɗe a cikinsa, yana cin kunne a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kada a tsaya dab da ƙananan bututu masu tsini, kada a kai jariri kusa. Maƙwabta kuma haƙƙinsu ne a sanar da su, a kauce wa lokutan salla da na barci. Murya mai kauri tana ratsa katanga fiye da yadda mai kaɗawa ke zato.

Ina son in saurara. Ta ina zan fara?

Ka nemi sunayen da na ambata a YouTube: ogan ɗin Spreckels, na Kufstein, na tekun Zadar. Fara da na Zadar, shi ya fi saurin shiga rai. Kada ka ji ta lasifikar waya, don rabin abin ba zai fito ba. Ka samu abin sawa a kunne mai rufe shi duka, ko ka roƙi mai kayan sauti na unguwarku ya jona maka babbar lasifika a tsakar gida bayan isha'i, ba da ƙarfi sosai ba. Ka ba shi minti 15 ba ka taɓa waya ba. In lasifika ce, ka tashi ka zaga: jikin bango, tsakiyar fili, bakin zaure, za ka tarar kowane wuri da abin da yake ji.

In kuma babu ko ɗaya, kwalabe biyu iri ɗaya sun isa. Ka zuba wa ɗaya ruwa cokali biyu, kai ka busa bakin ɗaya, wani ya busa ɗayar, ku riƙe numfashi iyakar iyawa. In bugun ya yi sauri da yawa, a rage ruwan.